Yadda Za a Koyar da Yara Darussa Huɗu da Ganye Ɗaya

Zaɓi tsiro ɗaya da yara suka sani, kamar na'a-na'a, ku yi mako uku a kansa.

Fara da lissafi. A auna ɗanyen ganye giram 100 a sikeli, a shanya a inuwa, kullum a sake aunawa a rubuta. Nauyin zai yi ta raguwa har ya tsaya, galibi a wajen giram 20, sai yara su fitar da kason ruwan da ya fita. Kada a shanya a rana, domin zafi na kore man da ke ba ganyen ƙamshi.

A darasin kimiyya, a shimfiɗa reshe tsakanin jaridu, a danne da littattafai masu nauyi har mako biyu. Nan aka fi yin kuskure: in ba a sauya takardar bayan kwana bibbiyu ba, danshi zai kawo fumfuna, ganyen ya yi baƙi. Idan ya bushe, a manna shi a kwali, yaro ya rubuta sunan tsiron, sassansa da ranar da aka tsinko.

Tarihi da labarin ƙasa tare suke tafiya, kuma a nan za a kawo misali da wani tsiro daban. A nuna musu Kudancin Amurka a taswira, inda itacen sinkona yake, sannan Faransa, inda aka fitar da kwinin daga ɓawonsa a 1820 don maganin zazzaɓin cizon sauro.

Tun ranar farko a kafa doka: ba ɗanɗanawa, kuma a wanke hannu bayan taɓa ganye, domin wasu tsirran na da guba.