Famfon kwashe ruwan shawa a jirgin ruwa: wanda za ka saya da yadda za ka riƙe shi

A gida in ka yi wanka ruwa ya bi rariya ya tafi, ba ruwanka. A jirgin ruwa ba haka abin yake ba, domin ƙasan banɗakin yawanci yana ƙasa da inda ruwan teku ko tafki ya kai a jikin jirgin, ko dai daidai da shi, to ruwan wankanka ba zai gangara waje da kansa ba, sai an sa masa inji ya tura shi sama ya fitar. In ba haka ba sai ka ga kana tsaye cikin kumfa har idon sawu.

Wasu don su huta sai su bar ruwan shawa ya zuba can ƙasan jirgi, wato bilji, wai ai akwai famfo a can zai kwashe. Kar ka soma. Ruwan sabulu da dattin jiki in ya kwana biyu a wurin warin da zai tashi ba a magana, kuma gashin da ya bi ruwan zai je ya nannaɗe famfon biljin, wanda shi ne kake dogaro da shi ranar da jirgi ya fara shan ruwa. Famfon ceton rai daban, na wanka daban.

Iri biyu ne dai za ka fi cin karo da su.

Na farko akwati ne na roba mai murfi, ruwan shawa yana gangarowa cikinsa, a ciki akwai ƙaramin famfo mai farfela, da rariya, da wani makunni mai tasowa in ruwa ya taru. Ruwa na cika sai makunnin ya ɗaga, famfo ya tashi da kansa, ya kwashe ya mutu. Kamfanonin Rule da Attwood da Johnson duk suna yin irinsa. Daɗinsa ba sai ka danna komai ba, ba shi da ƙara sosai, kuma kana iya haɗa masa tiyo fiye da ɗaya, na shawa da na wurin wanke hannu. Amma dole akwatin ya zauna ƙasa da shawar tunda gangarowa ruwan zai yi, kuma wlh wannan akwatin in ka manta da shi wata guda ka buɗe, abin da za ka gani sai ka rasa abincin ranar. Wani abu ne toka-toka mai yauƙi, gashi da sabulu sun cakuɗe sun liƙe a jikin makunnin, shi ya sa yake maƙalewa, ko ya ƙi tashi ruwa ya yi ambaliya, ko ya tashi ya ƙi mutuwa har batir ya kwanta.

Na biyu shi ne mai dayafaram, wato wata roba ce a ciki take bugawa gaba da baya kamar zuciya, da bawul biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita. Wannan shi yake zuƙo ruwan da kansa, don haka kana iya ɗaura shi sama a wuri busasshe inda hannunka zai kai, kuma ko ruwa ya ƙare ya ci gaba da aiki ba ya ƙonewa. Whale Gulper 220 shi ne wanda aka fi sani, yana jan kimanin lita 14 a minti, an yi shi ne ya haɗiye gashi ba tare da rariya ba. Jabsco ma suna da nasu, sai dai wasu irin nasun bawul ɗinsu ƙanana ne, suna buƙatar rariya a gabansu, to ka duba kafin ka biya kuɗi. Aibinsa ƙara, gub gub gub, in wani yana barci a ɗakin gefe zai san ka shiga wanka, kuma galibi sai ka danna makunni da hannunka.

Ni dai in ka tambaye ni, mai dayafaram zan ce, musamman in mutanen jirgin suna da yawa ko akwai masu dogon gashi. Dalili kuwa, ba motar famfo ce ke fara mutuwa ba, gashi da sabulu ne ke kashe shi, to ka zaɓi wanda ya fi iya zama da su.

Kar lambar jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga an rubuta galan 800 a awa a jikin mai farfela, ka ce ai wannan ya ninka mai dayafaram nesa ba kusa ba. Wannan lambar ana auna ta ne famfo na tura ruwa a miƙe ba hawa, da zarar ka sa masa tiyo mai tsawo da lanƙwasa kuma ruwan zai hau mita ɗaya ko fiye, ƙarfin ya zube sosai. Mai dayafaram shi hawa bai cika rage masa ba. Abin da kake nema kawai famfon ya fi kan shawarka sauri. Ɗauki bokiti ka tara ruwan shawa na minti ɗaya ka ga lita nawa ne, shi ke nan ka san lissafinka. Sai wuta: ka tabbata jirginka 12 ne ko 24 volt, don famfon 12 a layin 24 ba zai daɗe ba. In kuma za ka ɗaura shi kusa da injin fetur ko tankinsa, nemi wanda aka rubuta cewa ba ya tartsatsi, ISO 8846 ita ce alamar.

Wajen ɗaurawa nan ne mutane ke cutar kansu. Tiyo yawanci na milimita 19 ne, ka sayi mai zare a ciki wanda ba ya lotsewa in famfo ya zuƙa, ka gajarta hanya iya yadda za ka iya, kar ka bar wani wuri ya yi kwari don nan ruwa zai kwanta ya yi wari. Kilip ɗin ɗaure tiyo na bakin ƙarfe mara tsatsa, biyu-biyu a duk haɗin da ke kusa da ruwa. Waya kuma ta jirgi mai rufin kuza, kaurinta daidai da nisan, da fis irin girman da kamfanin ya faɗa, kuma haɗin wayar ya kasance a sama a rufe shi da kyau. Siririyar waya a doguwar hanya tana cinye wutar, sai ka ji famfo yana nishi ka ɗauka ya tsufa alhali yunwa yake ji.

Abu mafi hatsari shi ne mafitar ruwan a jikin jirgi. Ta kasance sama da ruwa sosai, kuma in jirgin mai tafiya da iska ne ka tuna yana karkata, ramin da ke sama da ruwa in jirgi na tsaye a tasha yana iya nutsewa in kuna tafiya. Ka san yadda ake zuƙo fetur daga tanki da tiyo, da zarar ya fara zuwa ba ya tsayawa? To haka teku zai dawo maka ta wannan tiyon. Maganinsa ka ɗaga tiyon sama can ya yi baka kafin ya sauko mafitar, in mafitar na iya shiga ruwa a sa ɗan bawul mai shaƙar iska a ƙoƙon bakan wanda ke yanke zuƙowar, sannan a sa bawul na rufewa a jikin jirgin. Bawul mai hana ruwa komawa baya yana taimakawa, amma gashi ɗaya tak ya isa ya hana shi rufewa, kar ka jingina ran jirginka da shi.

Kula da shi ba wuya, naci ne kawai. Sa 'yar rariya a bakin magudanar shawar ka riƙa tsince gashi bayan kowane wanka. Gama wanka, saki ruwan ɗumi na ɗan lokaci famfon na aiki ya wanke cikinsa. Mai akwati kuwa duk sati biyu zuwa wata ka kashe wuta, ka buɗe murfi, ka fiddo rariyar, ka goge makunnin da tsohon buroshin haƙori, ka ɗaga shi da yatsa bayan ka mayar da wuta ka ji ya tashi. Sabulun ruwa bai kai na dunƙule tara dauɗa a nan ba, na gwada na gani. Binega da ruwan ɗumi sun isa wajen narkar da abin da ya daskare, amma maganin buɗe magudana mai soda ɗin nan kar ya kusanci famfonka, yana iya lalata shi.

Sau ɗaya na taɓa kwance famfo gaba ɗaya ina ta zargin mota, ga shi yana ƙara lafiya lau amma ruwa ko motsi, ashe ɗan murfin man wanke gashi ne ya maƙale a bawul. Tun daga nan in na ji yana gudu ba ya ja, bawul nake fara dubawa, sai kilip ɗin ɓangaren zuƙa, don ko ƙaramar kafa ce iska zai riƙa sha maimakon ruwa. In ko shiru ya yi gaba ɗaya, fis, sai makunni, sai haɗin waya da ya yi kore. Ajiye robar dayafaram da bawul na sifiya a jirgi, sukundireba kawai ake buƙata a canza su.

Wanda jirginsa ke kwana inda ruwa ke ƙanƙara, kafin a ajiye shi a zuba maganin hana daskarewa ta magudanar a kunna famfo har ya fito waje, amma irin mai propylene glycol, ba na lagireton mota ba, wancan guba ne. Kuma kafin ka saki ruwan wanka a tasha ko tafki tambayi dokar wurin, akwai inda sai dai ka tara shi a tanki ka je ka juye a inda aka tanada.