Yadda na gyara zafin injin 13B na jirginmu

Jama'a, injin Mazda 13B mai turbo ɗin nan, irin rotari (mai rota da ke juyawa a ciki maimakon fistin), da muka ɗora wa ƙaramin jirgin samanmu ya daina tafasa. Iska ce ke zillewa ta gefen lagireto, na toshe ɓarakar da roba, na faɗaɗa mafitarta ta baya, don in ba ta samu wajen fita ba ba za ta shiga ba. Na kuma samo babban mai sanyaya baƙin mai a Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan gyaran mota a Kumasi ta Ghana, don shi rotari kusan sulusin zafinsa baƙin mai ke kwashewa. Fetur kuwa na ƙara a kwamfutar injin, iska 11.5 fetur 1 idan turbo ya cika, don in fetur ya yi kaɗan sil ɗin bakin rota ke fashewa.