Yadda Ake Zaɓen Tiyon Iska na Kwampreso

Lokacin da na sayi bindigar kwance noti mai aiki da iska, wata guda na yi ina zargin kwampresona, wato injin da ke matsa iska cikin tanki. Agogon tanki yana nuna ƙarfin iska ya kai bar 8, amma da na ɗora bindigar a kan notin taya sai ta buga sau biyu ta yi sanyi. Wani dattijon bakanike da muke maƙwabtaka a hanyar Dan Issa, nan Maraɗi, ya zo, ko kallon injin bai yi ba, ya ɗauki tiyon ya leƙa bakinsa ya ce, "Ɗana, injinka lafiyarsa lau, wannan siririn abin ne ya shaƙe shi." Na ce, "Baba, ai sabo ne." Ya ce sabuntar ba ta ƙara masa faɗi.

Don haka kafin ka nufi babbar kasuwa, fara da duba kayan aikinka. Yawancin kayan iska an ƙera su ne su yi aiki a bar 6.3, wato PSI 90, kuma a bakin na'urar ake son wannan ƙarfin, lokacin da take aiki. Abin da agogon tanki ya nuna daban ne. A jiki ko a takardar na'urar za ka ga lita nawa na iska take sha a minti ɗaya; gwargwadon shanta, gwargwadon faɗin tiyon da take buƙata.

Sai faɗin ramin tiyo, kuma nan ne mutane suka fi yin asara. Faɗin ciki ake aunawa. Kaurin waje yana ruɗi, don wani tiyon duk jiki ne, ramin ɗan mitsitsi. Waɗanda aka fi samu su ne milimita 6, 8, 10 da 13, a kayan da ke shigowa daga Kano ta Jibiya kuma za ka gan su da inci: 1/4, 5/16, 3/8 da 1/2. Mai faci da ke ba tayar babur iska, ko kafinta mai bindigar ƙusa, milimita 6 zuwa 8 ta ishe shi. Mai fentin mota ya nemi 8 zuwa 10. Bindigar noti ta ƙananan motoci tana son 10, ta manyan motocin da ke bin hanyar Yamai da Damagaram kuwa kada ka yi ƙasa da 13. Bambancin 6 da 10 ba ƙarami ba ne: a tsawo ɗaya da yawan iska ɗaya, ƙarfin da ke ɓacewa a cikin na 6 ya ninka na 10 fiye da sau goma. Ni dai idan ina shakka tsakanin biyu, babban nake ɗauka.

Tsawo kuma, auna daga inda injin yake zuwa wuri mafi nisa da kake aiki, ka ƙara mita biyu, shi ke nan. Mita 10 zuwa 15 ta wadaci yawancin garaji. Idan dole sai ka yi nisa, ƙara faɗin tiyon, kuma gara doguwar tiyo da doguwar wayar lantarki siririya, wadda ke rage wuta har ta ƙona motar lantarkin da ke juya kwampreso.

A kan irin robar, yanayin Maraɗi ne zai yi maka zaɓi. Tiyon PVC yana da arha da sauƙin ɗauka, amma a watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, sai ya yi laushi a kan yashi mai ƙuna, ƙarfin da zai iya ɗauka ya ragu. Da hunturu ya shigo kuma, da safe ka same shi ya sandare yana lanƙwashewa. Na robar gaske, irin ta taya, mai saƙar zare a ciki, yana da nauyi da tsada, sai dai yana jure rana, ja a ƙasa da takun mota. Shi nake ba duk mai aiki a waje shawara ya saya. Mai murɗe-murɗen nan kamar sifirin yana da daɗi a kan tebur wajen hure ƙura, amma raminsa ya yi wa bindigar noti kaɗan.

Karanta rubutun jikin tiyon tun kana gaban mai shago. Dole ƙarfin aikinsa ya wuce iyakar kwampresonka; na kirki za ka ga an buga bar 20 ko PSI 300. Wanda babu rubutu a jikinsa, bar masa kayansa. Tiyon ban ruwan lambu da na gas ɗin girki ba na wannan aiki ba ne, haka bututun PVC mai tauri na famfo, wanda idan iska ta fasa shi tarwatsewa yake yi kamar kwalba.

Bakin haɗi, wato rakor, iri-iri ne: akwai na Turai, na Amurka da na Japan, kuma ba sa shiga juna daidai ko da a ido sun yi kama. Cire na jikin bindigarka ka sa a aljihu ka tafi da shi kasuwa, a gwada a gabanka. Wajen ɗaurewa ka sa zoben ƙarfe mai noti. Ɗauri da waya ko tsinken tsohon tub yana saki ba shiri, tiyon da ya kuɓuce da iska a ciki kuwa bulala yake yi, kuma daidai fuska yake nufa.

Da ka dawo, haɗa komai, cika tanki, ka kashe injin. Shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda kumfa ya taso, nan iska ke zuba. Idan fenti kake yi, ware masa tiyonsa shi kaɗai wanda mai bai taɓa bi ta ciki ba, kuma da damina ka riƙa buɗe ɗan famfon ƙasan tanki kowace yamma, ruwan da ya taru ya fita kafin ya biyo tiyo ya ɓata maka fentin motar mutane.