Yadda na gyara zumar da ta daskare

Zumar da nake ajiyewa saboda tarin dare ta daskare a kwalba, ta yi fari, har na zaci an haɗa ta da sukari. Ashe gulukos ɗin cikinta ne yake dunƙulewa idan ta sha sanyi, ni kuwa a firji na saka ta.

Ban ɗora ta a wuta ba, domin zafi mai yawa yana lalata sinadaran da ke taimaka mata wajen kashe ƙwayoyin cuta. Na tsoma kwalbar a ruwan ɗumi da bai wuce digiri 40 ba, ina juyawa da busasshen cokali har ta narke. Na ba ɗana cokali guda, ban da jaririyar, domin zuma haɗari ce ga wanda bai cika wata 12 ba.