Yadda Ake Kiwo da Ciyar da Murjanin da Ba Ya Cin Haske

Murjani dabbar teku ce mai rai da ke manne a wuri ɗaya. Yawancin murjanin da ake kiwo a tankin ruwan gishiri fitila ce ke ciyar da su. A cikin naman jikinsu akwai wata irin gansakuka mai ƙwaya ɗaya da masana ke kira zooxanthellae, ita ke sarrafa haske ta samar da sukari, murjanin ya samu rabonsa. To, akwai waɗanda ba su da wannan gansakuka ko kaɗan. A teku ana samunsu a bakin kogo da ƙarƙashin duwatsu, inda igiyar ruwa ke kawo abinci dare da rana, kuma duk abin da zai shiga cikinsu sai sun kama da bakinsu. A tanki abu biyu ke kashe su: yunwa idan an yi musu rowa, ko ruɓewar ruwa idan an zuba abinci ba a kwashe saura ba. Duk aikin kiwonsu a tsakanin waɗannan biyun yake.

Da wanne za a fara

Ka fara da Tubastraea, wanda ake kira murjanin rana saboda launinsa na ruwan lemo da rawaya. Kawunansa manya ne, kowane kai da bakinsa a tsakiya, ana iya ba shi abinci da hannu a kuma ga ya haɗiye. Dendrophyllia da Balanophyllia ma haka suke, har sukan fi saurin buɗewa da rana. Bayansu sai masu rassa irin su Diodogorgia da Menella, masu ƙananan bakuna da ke son abinci mai laushi sau da yawa a yini.

Dendronephthya kuwa, wani murjani mai taushin jiki, duk kyansa, shawararmu ita ce a bar shi a teku. Binciken da Katharina Fabricius da abokan aikinta suka yi a Bahar Maliya, wanda aka buga a 1995, ya nuna cewa ƙananan tsirran da ke yawo a ruwa yake tacewa, kuma ya fi ci idan ruwa na gudun wajen santimita 15 a daƙiƙa. Samar da wannan ba yankewa a cikin gida abu ne mai wuyar gaske, shi ya sa mafi yawansu ke motsewa su mutu cikin 'yan watanni.

Wajen saye, ka duba tsakanin kawunan. Lafiyayyen Tubastraea nama ya rufe shi ruf, ba a ganin farin ƙashi. Idan naman ya janye, kowane kai ya zama tsibiri shi kaɗai, ya daɗe bai ci ba.

Ruwa da wurin zama

Kada a saka su a sabon tanki. A bari ya yi aƙalla wata shida ya zauna. Zafin ruwa digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salsiyas, nauyin gishiri 1.025 zuwa 1.026. Masu ƙashin dutse suna buƙatar kalsiyam 400 zuwa 450 ppm (wato kashi cikin miliyan), magnesiyam wajen 1300 ppm, alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na jure tsami, 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH, kamar sauran murjani.

Haske ba ya cutar da su kai tsaye, amma yana tsirar da gansakuka a kan duk inda ƙashi ya bayyana, ita kuma ta hana nama komawa. Don haka inuwa ta fi. Sai dai kuskuren da aka fi yi shi ne cusa murjanin can cikin kogo don ya yi kama da teku, daga baya hannu ya kasa kai wa ga rabin kawunan. Ka manna shi a bakin inuwa, inda kake ganin kowane baki. Kada ka ajiye shi kan yashi, domin yashin da ya kwanta tsakanin kawuna yana cinye nama. Masu rassa a kafa su yadda ruwa zai riƙa ratsa su ta faɗinsu, ruwa mai ƙarfi amma mai faɗi, ba tsartuwar bakin famfo ba.

Ciyar da murjanin rana

Abincinsa ƙananan jatan lande na daskare da ake kira mysis, ko naman jatan lande da kifin teku da aka yanka kamar ƙwayar shinkafa. Ka narkar da shi a ɗan ruwan tanki, ka tace da rariya mai laushi. Ruwan da ya fito kada a juye shi duka a tanki, cike yake da fosfet, sinadarin da ke ciyar da gansakuka. Ɗigo kaɗan kawai za ka ajiye.

Bayan an kashe fitila, ka fesa wannan ɗigon kusa da murjanin da sirinji. Cikin minti 15 zuwa 30 za ka ga kawunan sun kumbura, 'yan yatsun rawaya sun fara leƙowa har su baje kamar fure. Sai ka kashe famfunan tura ruwa, ka ɗauki abinci da hantsaki ko dogon sirinji, ka ɗora wa kowane kai ɗaya ko biyu a hankali. Yatsun za su manne da shi, su naɗe zuwa baki, bakin ya wage ya haɗiye. Idan ka feso da ƙarfi, kan zai tsorata ya shige. Kowane kai a ba shi nasa, har da 'yan ƙananan da ke tsirowa a gindi, domin abin da maƙwabci ya ci ba ya isar wanda aka tsallake. Bayan minti 20 a kunna famfo. Ka saita ƙararrawa a waya, domin mantawa da famfo a kashe har safe na iya shaƙe kifayen tankin gaba ɗaya.

Sau uku a mako shi ne mafi ƙaranci. Mai son ya ga sababbin kawuna sai ya ba shi kullum ko bayan kwana bibbiyu. Idan kana ciyarwa a lokaci guda kowace rana, cikin makonni kaɗan zai saba ya riƙa buɗewa da kansa a wannan lokacin, ko da fitila na kunne.

Ɓarayin abinci su ne babbar damuwa. Kifi na fizge abinci daga baki, jatan lande masu rai kuma har hannu suke zurawa cikin bakin murjani su zaro abin da ya haɗiye, su yaga nama. Ka fara ƙosar da su tukuna. Sannan ka yanke gindin gorar roba, ka kifa ta a kan murjanin, ka zura sirinji ta wuyan gorar, ka bar ta a kife har ya gama haɗiyewa.

Wanda ya iso da yunwa har ya ƙi buɗewa, a ciro shi a cikin kwano cike da ruwan tanki, ba tare da ya sha iska ba, a zuba masa abinci sosai a kwanon, a riƙa motsa ruwan da sirinji na rabin awa, a mayar da shi, a zubar da ruwan kwanon. A yi haka kowane dare. Yakan ɗauki mako ɗaya ko biyu kafin ya amsa, kada a yi saurin fid da rai.

Masu ƙananan bakuna

Su ba a bin su kai-kai, ruwan ake cika wa da abinci. Girman ƙwayar abincin shi ne magana: rotifa, wato wasu mitsi-mitsin halittun ruwa, da ƙwan kawa, da ƙananan ƙwarin ruwa irin cyclops, da sababbin ƙyanƙyasar Artemia, wani ƙaramin jatan landen ruwan gishiri. Abin da ya fi ƙarfin baki, za ka ga an kama an saki. Kaɗan-kaɗan sau huɗu zuwa shida a yini ya fi a zuba da yawa sau ɗaya. Masu yin abin da gaske suna ajiye ruwan abincin a ƙaramin firji, famfon awo na ɗigo shi cikin tanki. Bututun nan a wanke shi duk mako, domin abinci na kwantawa a ciki ya ruɓe. Idan reshe ya yi kwanaki bai buɗe ba, a duba ko datti ko gansakuka ta lulluɓe shi, a hure ta da sirinji, a ƙara gudun ruwa.

Kwashe abin da aka zuba

Injin cire datti ta kumfa, wato sikima, a sayi wanda aka yi wa tankin da ya ninka naka. A kashe shi rabin awa zuwa awa ɗaya lokacin ciyarwa don kada ya kwashe abincin, sannan a kunna. Jakar tace ruwa a sauya ta duk kwana biyu ko uku, in ba haka ba abincin da ta kama zai ruɓe a cikinta ya koma naitiret, sinadarin da ke gurɓata ruwa idan ya yi yawa. A canja kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan duk mako, a zuƙe dattin da ya taru a lunguna.

A auna naitiret da fosfet duk mako, a rubuta. Ka yi ƙoƙarin riƙe naitiret ƙasa da 20 ppm, fosfet kusa da 0.1. Idan sun fara hawa, a ƙara canjin ruwa da tacewa kafin a taɓa abinci. Da yawa sukan rage ciyarwa da zarar sun ga gansakuka, ruwa ya yi kyau, amma bayan wata biyu sai naman murjani ya fara janyewa daga gindi.

Sabon Tubastraea a duba shi da tocila da dare kafin ya shiga babban tanki. Akwai wata katantanwa rawaya da wani dodon koɗi marar ɓawo mai suna Phestilla da ke cin namansa, launinsu iri ɗaya da nasa. A tsince su da hantsaki, a kankare ƙwansu. Kuma ko gutsure kada a jefa a teku: Tubastraea coccinea ya riga ya mamaye gaɓar Brazil da tekun Karibiyan, inda yake ƙwace wa murjanin asali wurin zama.