Yadda za ka koyi ikonomis da kwandon tumatir da litar fetur

Ƙanena ne ya shiga aji ɗaya a jami'a, aka haɗa shi da kwas biyu na ikonomis, maikiro da makiro, sati uku da fara lakca sai ga kiransa wai Yaya ni fa ban gane komai ba, layi kawai malam yake ja a allo ɗaya ya hau ɗaya ya sauka sai a ce mu kwafa. Dariya na yi don nima haka na yi a zamanina, hadda na zuba kamar karatun allo, ranar tes aka ɗan murɗa tambayar kaɗan na zauna ina kallon silin har aka ce a ajiye biro. To abin da na gaya masa shi zan rubuta a nan, ko kai ɗalibi ne ko kuma kawai ka gaji da jin ana ta surutun tattalin arziki a rediyo ba ka san ina aka dosa ba.

Kafin komai ka samu ɗan ƙaramin littafin rubutu. Duk sati ka rubuta farashin abu biyar ko shida: kwanon shinkafa, kwandon tumatir ko kashin da ake sayarwa a bakin titinku, litar fetur, kuɗin adaidaita daga gida zuwa kasuwa, da nawa 'yan canji ke sayar da dala. Minti biyar ne. Duk ranar da ka ga wani ya motsa, tambayar farko da za ka yi wa kanka ita ce: abu ɗaya ne ya tashi, ko komai ne ya tashi tare? In tumatir ne kaɗai ya haukace sauran suna nan yadda suke, maganar maikiro ce, wato kasuwar abu guda da masu saye da masu sayarwa. In kuwa har sabulu da kuɗin aski da kuɗin haya duk sun ɗaga a lokaci ɗaya, ka shiga makiro, matsalar ta ƙasa ce baki ɗaya kuma galibi kuɗin ne da kansa ya samu matsala. Wallahi rabin ruɗanin ɗalibai daga nan yake, suna amsa tambayar makiro da hujjar maikiro.

Tushen karatun gaba ɗaya abu ne da ka sani tun kana yaro, abin hannu kaɗan ne buƙata kuma ba ta ƙarewa, don haka dole ka zaɓa, kuma duk abin da ka zaɓa akwai wanda ka bari. Wanda ka barin nan shi ne ainihin tsadar zaɓinka. A ce kana da dubu 50, ka sayi waya, to tsadar wayar ba dubu 50 ba ce kawai, ita ce ribar da za ka ci da ka sari kaya da kuɗin. Manomin da ya shuka albasa a fadamarsa ya haƙura da alkamar da zai iya shukawa a wurin. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, mu wuce.

Inda nake so ka zauna sosai shi ne buƙata da samuwar kaya, su ne layukan nan biyu da suka dami ƙanena. Layin masu saye yana gangarawa ne don in abu ya yi tsada mutane suna rage saye, layin masu kawo kaya yana hawa ne don in farashi ya yi kyau kowa sai ya kwaso nasa ya kawo, inda suka haɗu nan farashi ke tsayawa. Ka ɗauki tumatir. Lokacin sanyi zuwa farkon zafi, da noman rani ya nuna a su Kadawa da Kura, kwanduna ne jibge a bakin titin Zariya har wasu suna ruɓewa, farashi ya faɗi warwas. Ba wai mutane sun daina miya ba ne, kaya ne suka yi yawa. Da damina ta kawo kai na rani ya ƙare, sai kashin da kake saye da ɗan canji ya zama sai ka yi tunani. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, farashi ya yi tashin gwauron zabi har Legas, nan ma ɓangaren masu kawo kaya ne ya motsa. Yanzu ka kwatanta da rago ana saura sati biyu layya, ko sukari da ƙanƙara a watan azumi. A nan kuma masu saye ne suka ƙaru. Farashi ya tashi a duka biyun amma dalili daban, kuma ga yadda za ka bambance: in farashi ya hau kuma yawan abin da aka sayar ya ragu, daga masu kawo kaya ne, in farashi ya hau kuma cinikin ma ya ƙaru, daga masu saye ne. Ka riƙe wannan da kyau.

Akwai tarkon da malamai ke son sakawa a jarrabawa, ni ma shi ya kama ni. Tashin farashin abu shi kansa ba ya matsar da layin, tafiya kawai ake yi a kan layin. Abin da ke ɗauke layin gaba ɗaya ya kai shi dama ko hagu wani abu ne daga waje, kamar albashi ya ƙaru, ko sallah ta zo, ko taki ya yi tsada, ko an rufe boda kamar yadda gwamnatin Buhari ta yi a watan Agustan 2019 shinkafar waje ta yi wuya 'yar gida ta samu daraja.

Daga nan sai ka duba wane kaya ne mutane ke gudu in ya yi tsada, wane ne kuma ba yadda za su yi. Gishiri ko ya ninka za a saya, ai ba a miya lami. Nama kuwa da ya ɗaga sai a koma awara da kifi busasshe, tumatir ɗanye in ya gagara uwargida ta koma na leda ko kauɗa. Abin da ke da madadi shi ake saurin gudu, wanda ba shi da shi sai dai a yi ta ƙorafi ana saye. Wannan ne ma ya sa za ka ga shekarar da aka yi damina mai albarka manomi yana kuka, kowa ya samu, hatsi ya cika Dawanau, amma mutane ba za su ninka cin tuwo don masara ta yi araha ba, sai farashin ya zube fiye da yadda amfanin ya ƙaru, kuɗin da ya shigo hannunsa ya kasa na bara.

Wani abin kuma ka je wajen mai tumatir da magariba ka tsaya ka kalla. Kashin da ya hana ka da safe yanzu shi yake kiranka, zo ka ɗauka Alhaji kawo abin da ke hannunka. Ba hauka ba ne, kuɗin da ya saro kwandon ya riga ya tafi, ba ya dawowa ko ya sayar ko bai sayar ba, lissafinsa yanzu kawai tsakanin ɗan abin da za ka ba shi ne da zubarwa a bola gobe. Haka mai adaidaita da ya rage kujera ɗaya zai ɗauke ka a ragi, tunda man da zai ƙona kusan ɗaya ne. A littafi za su ba wannan suna mai nauyi, amma ma'anarsa ita ce ka yi lissafi a kan ƙarin guda ɗaya na gaba, ka manta da abin da ya riga ya wuce.

To me ke faruwa in gwamnati ta ce ga farashin da za a sayar, ƙasa da inda layukan suka haɗu? Mun gani da idonmu shekara da shekaru a gidan mai. Layi har ya zagaye unguwa, gidan mai ya ce babu, amma ga 'yan bumburutu da galan a bakin titi, ga kuma wanda ake tsallakawa da shi Maraɗi da Ƙonni tunda can ya fi daraja. Duk inda aka danne farashi da ƙarfi, kaya na ɓuya ne su ɓullo ta bayan gida.

Man nan shi zai tsallakar da kai zuwa makiro. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwa cewa tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500, a watan Yuni kuma Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen 460 ta wuce 700, farkon 2024 ta haura 1,500. Tunda kusan komai sai an ɗauko shi a mota, kuma taki da magani da kayan gyara da dala ake shigo da su, sai farashin duk kayan da ke littafinka ya tashi tare. Wannan ita ce hauhawar farashi. Hukumar ƙididdiga ta NBS ta ce ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024, a Janairun 2025 kuma bayan sun sabunta ma'aunin ta koma 24.48. Nan mutane suka yi ta zagi a Facebook wai ƙarya ce ai kaya ba su sauko ba. Abu biyu ne. Na ɗaya an canza kwandon kayan da ake aunawa da shekarar da ake kwatantawa da ita. Na biyu, kuma dan Allah ka fahimci wannan, saukar hauhawa ba saukar farashi ba ce, mota ce ta rage gudu amma gaba take yi ba baya ba.

Sai ka koyi raba lambar kuɗi da abin da kuɗin ke saye. Mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 30 a 2019, a Yulin 2024 aka mai da shi dubu 70. A takarda ya fi ninki biyu. Amma ka raba da dala, wancan lokacin tana wajen 360, dubu 30 ta haura dala 80, dubu 70 kuwa a 1,500 ba ta kai dala 50 ba. Ko ka bar dala, ka tambayi kowane magidanci kwano nawa na shinkafa albashinsa ke saye da da yanzu. Duk lambar da aka ba ka a makiro ka fara yi mata wannan tambayar. GDP ma haka, jimillar darajar abin da ƙasa ta samar ne a shekara, a 2014 da aka sake lissafin Najeriya ya koma kusan dala biliyan 510 muka wuce Afirka ta Kudu a dare ɗaya, ba wanda tukunyarsa ta ƙara nama washegari, lissafi ne aka gyara aka saka su waya da finafinai da a da ba a ƙirga su yadda ya kamata.

Masu riƙe da sitiyari biyu ne, kar ka haɗa su. Gwamnati tana da haraji da kasafin kuɗi da cin bashi. Babban Banki yana da kuɗin ruwa da yawan kuɗin da ke yawo. Da hauhawa ta yi ƙamari, CBN, wato Babban Bankin, ƙarƙashin gwamnansa Cardoso ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 har 27.5 a cikin 2024, dabarar ita ce bashi ya yi tsada, kashe kuɗi ya ragu, farashi ya lafa. Ni dai a ganina maganin yana da iyaka a wajenmu, don in dalilin tsadar gero shi ne 'yan bindiga sun hana noma a Zamfara da Katsina, kuɗin ruwa ba zai kai kowa gona ba, kuma yawancin 'yan kasuwarmu ma ba bashin banki suke juyawa ba. In kana so ka ga ƙarfin yawan kuɗi a fili, tuna farkon 2023 lokacin canjin takardun 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, muna sayen naira da naira a wajen masu POS, a kasuwannin ƙauye mai akuya yana karya farashi ga duk wanda ya zo da kuɗi a hannu don ba ya karɓar tiransifa. Kaya suna nan, masu so suna nan, abin da za a yi musayar da shi ne babu. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma nasu daban ne, kuɗinsu sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 duk yuro ɗaya, shi ya sa da naira ta faɗi kayan Najeriya suka yi musu araha suna shigowa Kano da Jibiya suna lodi.

In jarrabawa ce a gabanka, kar ka fara rubutu sai ka zana layukan nan biyu a gefen takarda ko ba a ce ka zana ba, ka tambayi kanka wane layi ne labarin tambayar ya taɓa, dama zai yi ko hagu, sannan ka karanto farashi da yawan kaya daga sabuwar mahaɗar. Ga wanda na ba ƙanena ya gwada, kai ma gwada: a ce gwamnati ta cire harajin shigo da masara daidai lokacin kaka, kuma a watan nan kuɗin taki ya ninka. Me zai faru da farashin buhu yanzu, me kuma zai faru da shi baɗi in manoma suka ga ba riba suka rage shuka? Zane biyu za ka yi, ba ɗaya ba.