Kafin Ka Miƙa Wayarka Ga Mai Gyara

Shekara tara ke nan ina gyaran waya a kusa da Kasuwar Barci da ke Kaduna, kuma har yau gabana faɗuwa yake idan mutum ya ajiye min waya, ya faɗi lambar sirrinta da ƙarfi a gaban jama'a, ya ce sai bayan la'asar. Alhali a ciki akwai hoton matarsa ba mayafi, da hirarsu, da saƙonnin banki. A cikinmu akwai mai tsoron Allah, akwai kuma yaron shagon da idonsa ba ya zama wuri guda.

Tun daga gida ka cire layi da memori. Layin ya fi komai haɗari, domin da shi ake tura kuɗi ta USSD, wato lambobin nan da ake dannawa masu farawa da alamar tauraro, kuma can lambar tabbatarwa ta banki da ta WhatsApp ke shiga.

Canjin gilashi, ko batir, ko wurin caji, ba ya buƙatar lambar sirrinka. Wannan nake so kowa ya riƙe. Idan aka ce ai sai an gwada, ka ce to, ka buɗe da hannunka, a gwada kana tsaye. Bara wata baiwar Allah daga Rigasa ta zo wurina tana kuka. Gilashi kawai aka canza mata a wani shago, bayan mako biyu hotonta na cikin ɗaki ya shiga wayoyin samarin unguwa. Na ce, "Hajiya, kin ba su lambar?" Ta ce ba ta san ana iya hanawa ba. Da kyar aurenta ya tsira.

Idan aikin dole sai an shiga ciki, sababbin Samsung suna da Maintenance mode, yana ɓoye komai naka har ka dawo. Mai Tecno ko Infinix ya kulle hotuna da WhatsApp da manhajar banki da wata lambar daban.

Filashin kuwa, wato sake zuba wa waya babbar manhajarta, share komai yake yi, don haka ka kwashe kayanka tukuna.

In sayarwa za ka yi, goge hotuna ɗaya-ɗaya bai isa ba, suna nan kwance a kwandon shara. Ka cire asusunka na Google, ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, ka kunna ta ka duba da idonka, sannan ka miƙa wa dillali.